Kula da gashi a ƙasar hunturu: abubuwan da ya kamata a sani

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan sauko wa Dutse, babban birnin jihar Jigawa, ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na arewacin Chadi.

A irin wannan lokaci laimar da ke cikin iska kan ragu ƙwarai, har ta gaza kashi 20 cikin ɗari da tsakar rana. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, gashi kuma ya bushe ya riƙa kakkaryewa a bakin mataji. Da hunturu ya wuce sai bazara ta kama, inda zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu.

A Takur da sauran unguwannin da suka cika suka batse bayan da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, ba a rasa shagunan gyaran gashi da na aski, da makitsa na cikin gida, da masu sayar da mayuka iri-iri.

Sai dai likitocin fata na cewa laushin gashi da tsawonsa sun fi dogara ga yadda ake wanke shi, da taje shi, da kitse shi a kullum, fiye da tsadar man da aka saya.

Yadda gashi yake

Mutum na da saiwoyin gashi kimanin dubu 100 a kansa. Saiwar da ke cikin fata ita ce mai rai. Silin da ya fito waje kuwa ba shi da rai, wani nau'in furotin ne da ake kira keratin, wanda da shi aka yi farce.

Wannan ya sa silin da ya tsage ko ya ƙone ba ya warkewa kamar yadda rauni ke warkewa. Mai na iya rufe ɓarnar na ɗan lokaci, amma maganinta na ƙarshe shi ne almakashi.

Kowane sili na lulluɓe da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar na kifi. Idan sun kwanta, gashi ya yi santsi da sheƙi. Idan suka tashi, sai ya yi kaushi, ya riƙa sarƙewa.

Gashin akasarin 'yan Afirka a murɗe yake, don haka maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya gangarowa cikin sauƙi zuwa bakin sili. Haka kuma kowace lanƙwasa wuri ne da silin ke iya karyewa.

Gashi kan ƙaru da kimanin santimita 1 a wata, na 'yan Afirka kuwa kan ɗan gaza haka. Matar da ke kukan gashinta ya ƙi tsawo, sau da yawa yana tsirowa ne daga tushe yana karyewa daga baki.

Wanki

Ga gashi irin na wannan yanki, wanki sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya wadatar. Yawan wanki da sabulu na kwashe maiƙon da ke kare shi, barinsa da daɗewa kuma na tara ƙura da gumi da tsohon mai.

Fatar kai ake cuɗawa da tafin yatsu, ba da farce ba, a bar kumfar ta bi gashin ta gangara. Ruwa mai ɗumi ya fi mai zafi sosai, ko da kuwa ana tsananin sanyi.

Garin sabulun wankin tufafi da sabulun wanke-wanke ba su dace da kai ba, domin suna da kaifin da ke tayar da ɓawon sili. Shi ma sabulun salo yana da ƙarfi, gara a narkar da kaɗan a ruwa, a kuma bi shi da abin da zai tausasa gashin.

Tun kafin zuwan shamfu da kwandishina, mata a ƙasar Hausa na wanke kai da karkashi da garin ganyen magarya. Yauƙin karkashi na sa silin gashi ya zame wa juna, abin da ke sauƙaƙa warware sarƙa ba tare da tsinkewa ba.

Bayan wanki ana matse ruwan ne da tsumma mai laushi, ba a goge kai da ƙarfi.

Ruwa kafin mai

Kuskuren da aka fi yi shi ne lafta mai a kan busasshen gashi. Mai ba ya jiƙa gashi, aikinsa shi ne ya tsare laimar da ke ciki kada ta tsere.

Saboda haka ana shafa shi ne lokacin da gashin ke da sauran danshi bayan wanki. A tsakanin wanki da wanki kuwa, sai a ɗan yayyafa ruwa, sannan a bi da mai kaɗan, musamman a bakin gashin, wanda shi ne ya fi tsufa ya kuma fi rauni.

Man kaɗanya da man alayyadi da man zaitun da man riɗi duk suna wannan aiki, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman riɗi a Najeriya. Wani bincike da aka gudanar a Indiya aka kuma wallafa a 2003 ya nuna cewa man kwakwa na ratsa cikin sili, yana kuma rage asarar furotin idan aka shafa shi kafin wanki.

Man shanu da iyaye da kakanni suka saba da shi na tausasa gashi, sai dai yana saurin canza wari idan ya daɗe a kai. Basilin kuwa na tsare laima, amma yana kama ƙura, ga wuyar fita.

A 'yan shekarun nan garin chebe da man karkar, waɗanda suka fito daga Chadi da Sudan, sun karɓu a kasuwannin arewa. Amfaninsu shi ne lulluɓe sili su rage karyewa. Ba su sauya saurin tsirowar gashi daga saiwa, kuma a jikin gashi ake shafa chebe, ba a fatar kai ba.

Tsifa da taza

Gashi mai yawa kan salwanta ne a ranar tsifa. Ana so a fara daga bakin kitso a yi sama a hankali, da ɗan mai ko ruwa a hannu.

Bayan tsifa sai a raba gashin kashi huɗu ko shida, a warware da yatsu, kana a sa mataji mai manyan haƙora, daga baki zuwa tushe. Wanke kai kafin a warware shi na sa tsohon gashin da ya zube ya dunƙule da sauran.

Ba abin tsoro ba ne a ga gashi a hannu ranar tsifa. Mutum kan zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, kuma waɗanda kitso ya riƙe na tsawon makonni a rana ɗaya suke fitowa.

Na'urar busar da gashi da ƙarfen miƙar da shi na ƙona ɓawon sili idan aka yawaita. In da hali gara a bar shi ya sha iska.

Kitso da gaban goshi

Kitso kariya ne, domin yana ɓoye bakin gashi daga iska da ƙura. Amma idan ya yi tsauri, shi ne kan gaba wajen cinye gaban goshi da gefen kunne.

Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2007 a kan mazauna unguwar Langa ta Afirka ta Kudu. Sun tarar da irin wannan zubar gashi a kusan kashi 32 cikin ɗari na manyan mata, da kashi 17 cikin ɗari na 'yan mata 'yan makaranta.

Binciken nasu ya kuma nuna cewa haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai ja a kan gashin da aka sa wa rilaksa.

Alamomin farko su ne ciwon kai bayan kitso, da ƙananan ƙuraje a layin tsaga, da fatar da ta ɗaga saboda ja. Kitson da ya hana mace barci ko ya hana ta sa goshi a ƙasa cikin sauƙi ya yi tsauri, a sassauta shi a ranar.

Idan aka daina jan da wuri gashin na dawowa. Idan aka shekara da shekaru ana yi, saiwar kan mutu ta bar tabo, kuma babu man da zai sake tsiro da ita.

Abin da ya fi shi ne a riƙa sauya salo, yau shuku, gobe zane ko kalaba, a bar ƙananan gashin goshi ba tare da an kama su ba, a kuma huta na 'yan kwanaki tsakanin tsifa da sabon kitso. Yara mata sun fi buƙatar wannan sassauci, domin tun suna ƙanana ɓarnar ke farawa.

Rilaksa da rini

Yawancin mayukan miƙar da gashi na ɗauke da sinadarai masu kaifi dangin soda, waɗanda ke karya ƙullin da ke cikin sili don ya miƙe. Gashin kan yi santsi, amma ƙarfinsa ya ragu har abada.

Ga mai amfani da su, likitoci na ba da shawarar a bar aƙalla makonni 8 tsakani, a shafa a kan sabon tsiro kawai, kada a wuce mintocin da aka rubuta, a kuma jira makonni 2 kafin kitso. Raɗaɗi alama ce ta ƙuna, ba ta cewa man yana aiki ba.

A watan Oktoban 2022 Cibiyoyin Binciken Lafiya na Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da dubu 33 na kusan shekaru 11. An gano cewa masu amfani da mayukan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba su amfani da su wajen kamuwa da sankarar mahaifa, wato kimanin kashi 4 cikin ɗari a kan ƙasa da kashi 2 kafin su kai shekara 70.

Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba. Duk da haka ya isa dalilin rage yawan amfani, da kuma nisanta shi daga kan yara.

Jan lalle na gargajiya na rina gashi ba tare da ya karya shi ba, ko da yake yana ɗan busar da shi. Baƙin rini kuwa galibi na ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke sa wasu kumburin fuska da ƙuraje masu ruwa. Ya kamata a gwada kaɗan a bayan kunne kwana 2 kafin a shafa, a kuma duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin duk abin da za a saya.

Ɗankwali da hula

Lulluɓi na kare gashi daga rana da ƙura, amma rufe shi da danshi na jawo wari da ƙaiƙayi.

Hadisin Ummu Salama da ke cikin Sahih Muslim ya nuna cewa ba lallai ne mace ta tsefe kitsonta don wankan janaba ba. Malaman Malikiyya sun yi sharaɗin ruwa ya ratsa zuwa fata. Abin da ya rage bayan wankan shi ne a matse kitson sosai, a bar shi ya bushe kafin a ɗaura kallabi.

Yadin auduga na tsotse maiƙo yana kuma goge gefen goshi, don haka ƙaramar hula mai santsi a ƙarƙashin ɗankwali ko hijabi, da kuma lokacin barci, na taimakawa. Su ma hulunan maza da rawani suna buƙatar wanki a kai a kai.

Maza da aski

Aska ko reza da aka yi wa wani aski da ita na iya ɗaukar cutar hanta nau'in B, da cutar HIV, idan jini ya taɓa ta. Injin aski da mataji kuma na yaɗa makero. Mafi aminci shi ne sabuwar reza ga kowa, ko mutum ya je wurin wanzami ko shago da kayansa.

Ƙurajen ƙeya masu tauri sun fi kama maza masu murɗaɗɗen gashi da ke yawan yin ƙwal-kwabo. Saisaye ya fi musu, kuma zuwa asibiti da wuri na hana su zama tabo.

Sanƙo kuwa gado ne da aikin sinadaran jiki, ba hula ke kawo shi ba. Maganin shafawa na minoxidil, wanda Amurka ta amince da shi a 1988, na rage shi ga wasu muddin ana ci gaba da shafawa.

Abinci da lafiyar jiki

Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini na cikin dalilan zubar gashi.

Wake da ƙwai da hanta da gyaɗa da riɗi da zogale da alayyaho da kifi irin na Haɗeja na ba saiwa abin da take buƙata. Lemo da tumatir na taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe, shayi a kan abinci kuwa na rage hakan.

Mai jego kan ga gashinta na zuba watanni 2 zuwa 4 bayan haihuwa, haka ma wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani. Galibi yakan dawo da kansa cikin watanni 6 zuwa shekara guda.

Lokacin ganin likita

Amosanin kai na da alaƙa da wata ƙwayar fangas da ke rayuwa a kan maiƙon fata, don haka ƙara mai na iya tsananta shi. Shamfu mai ɗauke da ketoconazole na kwantar da shi.

Makero a kan yara ba ya jin man shafawa kaɗai. Yana buƙatar maganin sha na makonni da dama bisa umarnin likita.

Haka kuma duk wanda ya ga gashinsa ya zube a zagaye kamar kwabo, ko tsakiyar kai na faɗaɗa, ko fatar na fitar da ruwa ko mugunya, to kada ya tsaya gwajin mayuka. Babban asibitin Dutse da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni na kusa da mazauna Takur da kewaye, kuma saiwar da aka kai wa ɗauki tun tana da rai ita ce ake iya cetowa.