Birane Biyu a Shekarar Marisuwa

'Yan uwa, tun zamanin korona muke gardama kan kulle da takunkumi. Mu leƙa 1918, shekarar murar da kakanninmu suka kira marisuwa.

A Amurka, hukumomin Filadelfiya sun bari an yi gagarumin fareti ranar 28 ga Satumba, mutum kusan 200,000 suka fito. Cikin kwana uku asibitoci suka cika maƙil. Sen Luwis kuwa, kwana biyu da ɓullar cutar ta rufe makarantu, coci-coci da gidajen sinima. Gwargwadon yawan jama'a, mamatanta kusan rabin na Filadelfiya ne. Da ta sassauta dokar a Nuwamba, cutar ta sake tashi.

Takunkumin lokacin dai ƙyallen bandeji ne shara-shara, shi ya sa ba ma kafa hujja da shi.