Murfin da Ya Cije: Daga Maƙera Zuwa Gareji

A maƙera na fara ganin yadda ake kwance murfin da ya cije, ina ɗan koyon kanikanci. Wani mai injin niƙa daga wajen Gangara ya ɗoro gangar injinsa a amalanke ya kawo Sabon Birni. Murfin da ake buɗewa a zubar da ruwa a wanke laka ya ci tsatsa, ya zama jiki ɗaya da ƙarfen. Maigidana ya sa sifana sau ɗaya ya ajiye, ya ce, "Kai yaro, kama mu kai wa Baba maƙeri."

Tsohon ya kewaye wurin da gawayin ƙirya, ya sa ni jan zugazugi. Da ƙarfen ya ɗauki zafi sai ya ɗiga ruwan sanyi a kan murfin kaɗai, ya ɗora kurfi a gefensa, ya ba shi guduma uku marasa nauyi. Murfin ya yi ƙara irin ta tsohon ƙyaure, ya juya. Daga baya na gane hikimar: zafi yana buɗa ƙarfen da ke kewaye, sanyi yana tsuke murfin, tsatsar da ke tsakani ta farfashe.

Wannan ne tushen sana'armu a ƙasar Gobir. Tun zamanin Alkalawa maƙera ne ke ƙera takobi da galma da hauya, saboda haka da injina suka shigo, hannun da ya san halin ƙarfe shi aka fara nema. Injin da muka buɗi ido da shi Lister ne, mai tafiyar hawainiya, wanda aka riƙa ƙerawa a Dursley ta Ingila har 1987, sai kuma 'yan'uwansa na Rajkot a Indiya. Baƙin ƙarfe ne na zubi, mai kauri, yana jure wuta. Matsalarsa ruwan rijiya, wanda ke barin farin ɓawo a cikinsa, da baƙin hayaƙi da ke toshe salansa. Duk wanda ya koyi aiki a kansa ya koyi haƙuri, don ba a yi masa gaggawa.

Abubuwa sun sauya da shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1993. Ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur, samfurin Honda da masu kama da shi, suka cika fadamun Rima da Bunsuru, albasa da tattasai suka samu ruwa da rani. Mun yi murna, amma mun yi ɓarna kafin mu waye. Jikin waɗannan injina alminiyam ne, yana narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar baƙin ƙarfe. Da hannuna na lalata gindin injin wani manomi: na sa wa murfin juye baƙin mai wuta irin ta da, na danna sifana, zaren ya biyo murfin gaba ɗaya. Har yau ina jin nauyin wannan ranar, domin shukarsa na jiran ruwa.

Daga nan muka koyi wata hanya. A tsiyaye fetur tukuna. A jiƙa murfin da kananzir ko man birki ya kwana. Da safe a ɗan bubbuga shi, a sa sifana mai zobe daidai kansa, ban da filaya, a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan sannan a dawo baya. In kan ya riga ya cinye, mai walda ya liƙa masa sabon noti, zafin waldar ma ya taimaka. Abin da ke damuna shi ne yaran yanzu da ke zura bututu a wutsiyar sifana su hau kai da ƙafa. Murfin kan fita, amma injin ya tashi da ɗigon mai har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun nan na rashin tsaro sun ƙara mana irin wannan aiki. Tsakanin Isa da Sabon Birni manomi kan bar injinsa a ɗaki shekara guda ko biyu bai iya zuwa fadama ba, ruwa kwance a cikin famfon. Kayan gyara kuwa sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko an tsallaka Maraɗi, hanya ba ta da tabbas, kuɗin ya ninka.

Don Allah masu injina, in za ku ajiye inji ku zubar da ruwan, ku juye tsohon mai, ku shafa wa zaren murfin giris, ku ɗaure da hannu sannan ku ƙara kaɗan da sifana. In kuwa ya riga ya cije, kada ku sa masa ƙarfi, ku kawo mana shi da kansa lafiyayye.