Masu Bi: Daga Tsohuwar Karu Zuwa Hanyar Lugbe

Kakanninmu ba su cika kiran kansu Kirista ba. Sunan da suka fi amsawa shi ne "masu bi". Baƙo na sauka a ƙauye, bayan an ba shi ruwa, sai a tambaye shi: kai mai bi ne? Daga wannan "bi" ɗin biyayya ta fito, kamar yadda soyayya ta fito daga "so", kuma a kunnen mutanen wancan zamani kalmomin biyu ba su yi nisa da juna ba.

Mu koma Disambar 1893, lokacin da Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka sauka a Legas da nufin kai bishara yankin da ake kira Sudan a lokacin. Kafin 1894 ta ƙare zazzaɓi ya kashe biyu, Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 mishan ɗinsu, SIM, ta samu wurin zama a Patigi, daga nan ta miƙa zuwa Wushishi da Kwoi da Karu ta ƙasar Gbagyi, tun babu mai mafarkin za a kafa babban birni a gindin Dutsen Aso. Da Hausa aka yi yawancin wa'azin. Dokta Andrew Stirrett, wanda aka fi sani da Bature Mai Magani, ya yi ta wa'azi a kasuwa har rasuwarsa a 1948, kuma a 1932 aikin da su Dokta Walter Miller na Zariya suka daɗe suna yi ya kammala, Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa.

A wancan zamani biyayya abu ce da ido ke gani. Mutum ya bar burukutu, ya ƙone kayan tsafi, ya ajiye fartanya ran Lahadi, ya yi wata da watanni a ajin baftisma. Wanda ya yi tuntuɓe dattawa su sa shi horo: ya koma bencin baya, ba jibin Ubangiji sai ya tuba. Akwai inda aka tsananta, musamman a kan mai mata biyu da aka hana wa baftisma, kuma gidaje da yawa sun ɗanɗana ɗacin haka. Amma ba ma yi musu adalci idan muka ce doka kawai suka sani. Saurayin da mahaifinsa ya kora daga gida saboda ya ƙi yanka wa dodo kaza, ba tsoron bencin baya ne ya riƙe shi ba. Ya san wanda yake bi.

Da ikilisiyoyi suka tsaya da ƙafarsu, ECWA a 1954, tarayyar da ta zama TEKAN a 1955, sai tambayar ta fara sauyawa. Ƙungiyar ɗalibai ta FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ta koya wa yaran makaranta su keɓe kansu da sassafe da Littafi a hannu. A shekarun 1960 Sabon Rai Don Kowa ya ratsa Arewa da ƙananan rukunonin addu'a da fita wa'azi biyu-biyu. Da can ana tambaya ko an yi maka baftisma. Yanzu sai a ce, ka karɓi Yesu a zuciyarka? Zumuntar Mata kuwa, da tulu da gora, su suka sauko da maganar daga kan bagade zuwa tsakar gida.

Sai Abuja ta zo. Dokar 3 ga Fabrairu 1976 ta keɓe mata ƙasa, gwamnati ta tare a 12 ga Disamba 1991, muka kwararo daga Kudancin Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa, muka cika Nyanya da Kubwa da Mararaba. A nan ne horo ya rasa haƙoransa. A ƙauye dattijo ya san ubanka, ya san gonarka. A birni, in an sa ka bencin baya, akwai wata majami'a a layi na gaba da za ta tarbe ka da tafi. Biyayya ta koma inda ba mai gani: kan teburin ofis, gaban fayil ɗin da aka cusa wa na goro.

Birnin ya kuma zo da nasa salon kusanci da Allah. An buɗe Cibiyar Kirista ta Ƙasa a 2005. Ikilisiyar Dunamis, wadda Fasto Paul Enenche ya fara a 1996, ta buɗe Glory Dome a hanyar filin jirgi ta Lugbe a 2018, ginin da aka ce yana ɗaukar mutum 100,000. Kwanan addu'a da azumin Janairu suka zama ruwan dare, matasa suna kiran Allah "Baba" da hawaye, ba kunya. Wannan riba ce, kuma muna godiya. Damuwarmu ita ce yadda wasu ke auna kusancin da abin da ya shigo aljihu, wasu kuma biyayyar da ta kamaci Ubangiji suka miƙa ta ga mai riƙe da makirufo. Alhali a sura ta 15 ta Yohanna, wuri ɗaya Yesu ya ɗaure abota da shi da kiyaye umarninsa.

Har yanzu a Karu, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, kafin cunkoson Nyanya ya toshe hanya, za ka ji wata uwa ta Zumunta ta tashi 'ya'yanta. Fitilar waya a hannu, Littafi Mai Tsarki fassarar 1979 da bangonsa ya ɓare a kan cinya, ta karanta aya biyu, ta ja waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi da muryar barci. Ta roƙa wa babban ɗanta, wanda ya fara aiki a sakatariya, kada hannunsa ya taɓa abin da ba nasa ba. Sannan ta ɗora ruwan koko.