Kokawa da Ɗori a Zangon Nima

Yau shirinmu ya sauka Akra ta ƙasar Gana, wadda kakanninmu ke kira Ankara. Unguwar Nima, wadda yanzu ba masaka tsinke, asalinta mashekarin shanu ce. A farkon shekarun 1930 wani Bafillace dillalin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili a wurin mutanen Osu ya zauna. Hausawa da Zabarmawa da mutanen arewacin Gana suka biyo baya, har gidaje suka haɗe da Maamobi.

To, baƙo ba ya zuwa hannu rabbana. Samari sun zo da kokawarsu ta bayan kaka, dattawa kuma da ɗori, sana'ar da ake gada daga uba. Makiyayi ma ya san ta, domin wanda ya taɓa ɗaure ƙafar maraƙi da kara ya ga rabin aikin. Maɗori zai ja hannun, ya daidaita ƙashi, ya shafa man kaɗanya, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi. A arewacin Gana har akan karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da ta majinyaci, wai ranar da ta taka shi ma ya warke.

Asibitin Korle Bu an buɗe shi tun 1923, na soja na 37 kuma yana dab da Nima, amma mutane ba su bar maɗori ba. Yana kusa, yana jin harshenka, kuɗinsa da sauƙi. A 2000 gwamnati ta yi dokar yi wa masu maganin gargajiya rajista.

Inda ni nake ganin ɗori ya fi cutar ɗan kokawa shi ne kafaɗa. Idan aka kayar da mutum ya dafa ƙasa da tafin hannu, sau da yawa ba karaya ba ce, kan ƙashin ne ya goce daga gurbinsa. Wannan ba ta son kara. A yi hoto tukuna, a mayar da ita, a rataye hannun 'yan makonni, sannan a fara motsa shi sannu-sannu. Saurayin da ya koma fage kafin wata uku, ai tana iya sake gocewa, har wata rana ɗaukar buhun albasa ma ya fitar da ita.

Idan kuwa an ɗaure damtse, yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka daina ji, a kwance nan take a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Ɗaurin da ya matse jini shi ke kai hannu ga yankewa.