Daga Latsa Maɓalli Zuwa Shafa Gilashi: Tarihin Yatsa a Kan Waya

 Yau za mu yi magana ne a kan abin da muke yi kullum ba tare da tunani ba: taɓawa, shafawa, dannewa da buɗa yatsu biyu a kan fuskar waya. Ba wanda aka haifa da wannan ilimi, kowa koyo ya yi.

A 1990, kamfanin Microsoft ya saka wasan karta na Solitaire cikin Windows 3.0. Dalili kuwa, mutane ba su iya jan abu da linzamin kwamfuta su ajiye shi a wani wuri ba. Suna wasa, hannu yana sabawa.

Mu kuma a Najeriya, a watan Agusta na 2001 ne Econet da MTN suka fara aikin GSM. Wayoyin lokacin, irin su Nokia 3310, maɓallai gare su. A latsa maɓalli a amsa kira, a latsa a kashe, shi ke nan. A Janairun 2007 Steve Jobs ya nuna iPhone, maɓallai suka koma gilashi. Da Tecno da Itel suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, wayar shafawa ta iso har Rano da Kibiya da nan Rurum Sabon Gari. Waya dai ta zo, amma malaminta bai biyo ta ba.

Ga inda abin ya fara ciwo. A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ɗalibin ƙauye ya san amsa, amma linzami ya gagare shi. A 2017 sai da hukumar ta kawo tsarin maɓallai 8 don a iya rubuta jarrabawar ba tare da linzami ba. Haka a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, dattijon da bai iya taransifa ba dole ya miƙa wa wani wayarsa, har da lambar sirrinsa.

To, 'yan uwa matasa, aikin namu ne. Idan za ka koya wa Baba ko Inna, bar wayar a hannunsu, kada ka karɓe. Yi amfani da kalmomin da suka sani: "taɓa sau ɗaya", "danne ki riƙe" don saƙon murya a WhatsApp, "ja sama", "buɗa yatsu hoton ya girma". Motsi ɗaya a rana ya isa. Lambar sirri kuwa, su shigar da kansu, kai ka kau da kai.

Wa za ka fara koya wa a gidanku wannan makon?