Numfashin Aro: Shekara 50 Ana Cika Huhu Da Iska



Idan aka yi wa mutum babbar tiyatar ciki, hankalin dangi kan ɗinki yake, ya kama ko bai kama ba. Amma sau da yawa abin da ke sake kwantar da majiyyaci bayan kwana biyu ko uku huhu ne: tari, zazzaɓi, numfashi sama-sama, wani lokaci har nimoniya. Tun farkon ƙarni na 20 wani likitan Landan, William Pasteur, ya rubuta yadda sashen huhu kan lotse bayan aikin ciki. Tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ke jan iska, yakan yi sanyi idan an taɓa maƙwabtansa, ga zafin rauni ya hana mutum jan dogon numfashi.

A zamanin Pasteur, majiyyaci da kansa yake numfashi ko yana cikin barcin tiyata. A Janairun 1942, a Montreal ta Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi wa wani matashi da za a cire wa afendis allurar kurare, wato dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibiya. Naman ciki ya saki, likitan fiɗa ya yi aiki cikin sauƙi. Sai dai dafin bai san naman ciki daban, na numfashi daban ba. Da aka riƙa ƙara yawansa, tilas wani ya yi wa majiyyaci numfashi.

Da hannu aka fara, ana matsa jakar roba. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kopenhagen, Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a sa bututu a maƙogwaro a riƙa tura iska, ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jaka. Mace-mace suka ragu sosai, daga nan na'urar numfashi ta samu gindin zama.

To, iska nawa za a tura? Nan labarin ya fi ja mini hankali. A 1963, a Boston, Henrik Bendixen da abokan aikinsa suka nuna cewa idan na'ura na ba da ƙaramin numfashi, ƙananan jakunkunan huhu na rufewa, oksijin ya ragu a jini. Ba su yi ƙarya ba. Daga nan aka koma bai wa mutum mililita 10 zuwa 15 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70 zai iya karɓar kusan lita guda a numfashi ɗaya, alhali idan yana zaune lafiya kusan rabin lita yake ja. Oksijin ya yi kyau a lokacin aiki, kowa ya gamsu. Ɓarnar da yawan hurawa ke yi wa huhu kuwa ba ta fitowa a kan teburin fiɗa, sai an koma ɗakin jinya, can kuma laifin sai ya hau kan tiyata ko tsufa.

Gyaran ya faro ne daga sashen kulawa ta musamman. A shekarar 2000, wani bincike a Amurka kan masu tsananin ciwon huhu 861 ya kwatanta mililita 6 da 12: kashi 31 cikin ɗari suka rasu a rukunin farko, kusan kashi 40 a na biyu. Duk da haka ɗakin tiyata bai motsa da wuri ba, ana cewa ai waɗannan huhunsu lafiyayye ne. A ganina wannan jinkirin ya yi yawa.

A 2013 Emmanuel Futier da tawagarsa a Faransa suka gwada a kan mutum 400 masu babbar tiyatar ciki. Rabi aka ba su mililita 6 zuwa 8, ana barin ɗan matsin iska a huhu don kada ya rufe, ana kuma buɗe shi sosai duk rabin awa. Cikin mako guda, kashi 10.5 ne suka samu babbar matsala, a ɗaya rabin kuwa kashi 27.5.

Ba a gama muhawara ba. A 2014 wani gwaji kan mutum 900 ya nuna ƙara wancan matsin sosai bai rage ciwon huhu ba, sai ma faɗuwar hawan jini. Abin da aka fi yarda da shi yau shi ne ƙaramin numfashi, kuma da tsayin mutum ake lissafa shi, don huhu ba ya girma da ƙiba. Gajeriyar mace mai kilo 100 huhun gajeriyar mace gare ta.