Sabo ta Badun: Mu Baƙi Ne Har Yanzu?

Makon jiya bayan sallar isha'i Baba ya ce in raka shi wani zama da dattawan layinmu suka kira a nan Sabo ta Badun. Maganar gyaran tsakiyar unguwa ce: kwatar da ke ambaliya duk damina, rumfunan da suka cinye hanya, da ɗan filin da ya rage, wanda wasu ke so a yi shaguna, wasu kuma ajujuwan yara. Ba a yi nisa ba wani tsoho ya ce, "Mu fa baƙi ne, gida za mu koma." A nan aka haife shi, a nan aka binne mahaifinsa. Maganar nan ta hana ni barci, shi ya sa na waiwayi tarihin da na ji a bakin manya da ɗan abin da na karanta.

Tun kafin Sabo akwai Hausawa a Badun, suna zaune cikin gari a gidajen Yarbawa, wajen kasuwar Oja'ba. Da jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, daga baya layin ya kai Kano, sai fatauci ya buɗe: shanu su gangaro kurmi, goro ya hau arewa. Baƙi suka yi yawa, sarakunan gari suka yi ƙorafin cewa ɓarayi na fakewa a cikinsu. A 1916 aka yanka wa Hausawa fili a bayan gari kusa da Mokola, aka ce su koma can ƙarƙashin sarkinsu. Wato tun ranar farko wasu ne suka zana mana unguwar.

Amma kakanninmu ba su zauna hannu rabbana ba. Su suka kafa tsarin maigida. Falke ya zo da shanunsa daga Kano ko Sakkwato, maigida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, a ba mahauci Bayarabe shanu bashi, in kuɗi ya maƙale maigida ne zai biya. Babu banki, babu takarda, amana ce kawai. Gidajen nan masu ɗakuna barkatai da muke rainawa yau, don wannan aka gina su. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanta da ya fito a 1969. Lokacin mutanen unguwar kimanin 4,000 ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne na wajen 1952. Mulkin Turawa ya fara janye goyon bayan da yake ba sarakunan baƙi, ga siyasar jam'iyyu ta shigo. Maimakon unguwa ta watse, sai jama'a suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka daina zuwa Juma'a babban masallacin gari, suka tsayar da tasu a Sabo. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, wannan shiri ne na mutanen da suka san zama suka zo yi.

To daga nan fa sai muka koma 'yan a-tashi-a-tashi. Kara ta bar Sango ta koma Bodija, daga can aka kai ta Akinyele. Tashar sabon jirgin Legas da aka buɗe a 2021 tana Moniya, nesa da mu. A watan Fabrairun shekarar ne kuma rikicin kasuwar Shasha ya ci rayuka da shaguna, 'yan tumatir da albasa da yawa suka kwashe kayansu. Sabo ta koma ta 'yan canji da masu suya da teloli. Kowane sauyi a bakin wasu muke jin sa, bayan an gama yanke shawara.

Ni a ganina kalmar "baƙi" ita ke cutar da mu. Mutum ya tara kuɗi ya gina bene a garinsu da yake zuwa sau ɗaya a shekara, gidan da 'ya'yansa ke kwana kuwa yana yoyo. Ni Yarbanci na fi iyawa a kan Hausar Kano, in na je can ma ɗan kurmi suke ce mini.

A hanyar komawa gida na ce, "Baba, ina takardar shagonmu?" Ya yi shiru, sannan ya ce kakana da baki aka ba shi wurin, shaidun kuma duk sun rasu. Maganar fili dai ba a gama ta ba, an ɗage zuwa bayan sallah. Amma an yarda matasa mu bi layi gida-gida mu rubuta wa ke da takarda, wa ba shi da ita. Ni aka ba littafin. Na fara da gidanmu, na bar gurbin fayau.